Wai da gaske sinadarin naman kaza yana kare huhu? Amsa ga ɗan mai tuyar masa

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da tambaya. Innarmu mai tuyar masa ce a nan cikin garin Bauchi, ta fi shekara 25 tana yi da itace, da wannan sana'ar ta rene mu har muka yi karatu. Yanzu kusan wata huɗu kenan tana fama da tari, in ta ɗan yi tafiya sai haki, dama kuma tana shan maganin hawan jini. Wani abokina mai sayar da kayan ƙarin lafiya ya kawo min kofi da kafso na ganodama, ya ce naman kaza ne, wai akwai wani sinadari a ciki mai suna folisakarayid da yake kare huhu ya kwantar da kumburi, har ya turo min binciken da aka yi a WhatsApp. Kuɗin na wata ɗaya da yawa, amma in zai yi mata amfani zan nemo. Malam gaskiya ne? In saya mata?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka da wannan kulawa da kake yi mata.

In na fahimce ka, tambaya biyu ce ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, shin maganar folisakarayid ɗin nan tana da tushe ko shaci-faɗin 'yan kasuwa ne. Ta biyu, in ma tana da tushe, ita ce abin da Inna take buƙata yanzu? To ta farko e, tana da tushe, abokinka bai ƙirƙira ba. Ta biyu kuwa a'a, kar ka saya tukuna, akwai abin da ya fi wannan gaggawa kuma kyauta ne. Zan yi maka bayani a tsanake don kar ya zama na hana ka ne kawai ba dalili. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, na daɗe a famasin asibiti a nan Bauchi, kuma lokacin da nake digiri na biyu da ɓeraye na yi aiki a ɗakin gwaji, don haka irin takardar da aka turo maka na san yadda ake haɗa ta tun daga keji har zuwa rubutu.

Mene ne folisakarayid ɗin ma tukuna

Sunan ne kawai mai nauyi. Ka ɗauki ƙwayar sukari kamar ƙwayar carbi guda ɗaya, in aka jera ɗaruruwa ko dubbai a zare ɗaya, wannan doguwar jerin ita ce folisakarayid. Sitacin da ke cikin shinkafar da Inna take jiƙawa ta kai niƙa, folisakarayid ne. Yauƙin kuɓewa ma shi ne. Ƙaro da ake cirowa a jikin bishiya shi ma haka. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka ƙulla ƙwayoyin da juna. Ƙullin sitaci cikinmu ya san yadda zai kwance shi, shi ya sa yake zama abinci ya ba mu ƙarfi. Amma na jikin naman kaza, wanda wasu ke ce wa laimar kwaɗi, ƙullinsa daban ne, ana kiransa bita-gulukan, kuma cikinmu ba shi da abin kwance shi. Yawancinsa haka yake wucewa har babban hanji, can ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjin su ci shi, kaɗan kuma sojojin garkuwar jiki da ke gadin bangon hanji su kama.

Kuma wani abu da zai ba ka sha'awa, yis ɗin da ake sa wa ƙullun masa don ya tashi dangin naman kaza ne, bangonsa ma akwai bita-gulukan. Kaga ba wani baƙon abu ba ne da sai an yi odarsa daga Sin.

Dalilin da ya sa masana suka damu da shi, jikinmu yana da wata irin kafa a jikin sojojin garkuwa da take gane bita-gulukan, ana ce mata Dektin-1, a 2001 aka tabbatar da wannan aikin nata. Allah ya yi ta ne don jiki ya gane cewa cuta irin ta fumfuna ta shigo, tunda su ma bangonsu da shi aka gina. Ka riƙe wannan maganar da kyau don zan dawo kanta: asalin aikin bita-gulukan a jiki farkar da garkuwa ne.

Yadda hayaƙi yake cin huhu

Mutum yana numfashi wajen sau 20,000 a rana. A can ƙarshen hanyoyin iska akwai 'yan jakunkuna ƙanana, ɗaruruwan miliyoyi, bangonsu ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, ta nan iskar oksijin take tsallakawa cikin jini. Hayaƙin itace yana ɗauke da ƙura mai laushin da hanci ba ya iya tare ta, tana wucewa har can.

In ta isa abu biyu ne ke faruwa kuma suna ciyar da juna. Na farko abin da nake kira tsatsar jiki. Ka san yadda man gyaɗa yake komawa in aka yi ta maimaita suya da shi, ya yi duhu ya canza wari, to oksijin ne da zafi suka lalata shi. Bangon ƙwayoyin jikinmu ma da kitse aka yi shi, kuma hayaƙi yana shigo da wasu sinadarai masu zafin nama da suke yi masa irin wannan lalatawar. Jiki yana da nasa masu goge tsatsar, su ake kira antioksidan, irin su gulutatayon da katales da wani da ake taƙaitawa SOD, amma in hayaƙin kullum ne safe da yamma sai a fi ƙarfinsu. Na biyu kumburi. Sojojin da ke gadin huhu suna ganin ƙurar sai su yi shela, wasu sojojin su taso daga cikin jini, su kuma makaminsu na yaƙi irin waɗancan sinadaran masu sa tsatsa ne, sai ya zama garin korar baƙo an farfasa ɗakin. Shekara da shekaru ana haka, hanyoyin iska su ƙuntace su cika da majina, bangon jakunkunan su yayyage, kuma wanda ya yage ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Abin yana damuna ƙwarai, don mu nan an ɗauke shi ba komai ba, mace ta yi ta share hawaye a bakin murhu a ce ai aikin gida ne.

Abin da aka gani a ɓeraye

To tunda tsatsa da kumburi ne ke cin huhu, duk abin da zai rage su biyun dole a gwada shi, nan ne folisakarayid ɗin naman kaza ya shigo. Yadda ake yi galibi, a dafa naman kazan a ruwan zafi, a tace, a zuba barasa ta gwaji sai folisakarayid ɗin ya kwanta a ƙasa a kwashe a busar. A raba ɓeraye rukuni-rukuni, a ba wasu na 'yan kwanaki a hana wasu, sannan a ɗiga musu wata guba da ake cirowa daga bangon bakteriya a maƙogwaro, ko a sa su a akwatin hayaƙin taba, ko a ba su wani maganin kansa mai suna biliyomaisin da aka san yana sa huhu ya yi tabo. Bayan haka a yanka a duba, huhun wa ya fi cika da ruwa, na wa sojoji suka fi taruwa, ina alamar tsatsa ta fi yawa. Kuma gaskiya a irin waɗannan gwaje-gwajen, da nau'o'in naman kaza irin su ganodama da shitake da wanda ake kira oista, sau da yawa ɓerayen da aka ba sun fi samun sauƙi, SOD da katales su ƙaru, sinadaran shelar kumburi su ragu. Ban raina wannan aikin ba ko kaɗan, ta haka magunguna da yawa suka fara.

Amma akwai abubuwan da wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba ba zai lura da su ba. Babba a ciki, yawanci kafin a ji wa huhun ciwo ake fara ba ɓeran sinadarin. Wato tambayar da ake amsawa ita ce in an sha kafin bala'i ya zo zai rage ɓarna, ita kuwa Inna shekara 25 hayaƙin ya riga shi isa. Sannan ɓeran matashi ne lafiyayye, ba hawan jini ba sukari, ciwon da aka sa masa na kwana ɗaya ko 'yan makonni ne. A wasu gwaje-gwajen ma ba ta baki ake ba shi ba, allura ake yi masa a ciki, alhali na gaya maka in ta baki aka sha yawancinsa hanji yake wucewa. Ga kuma maganar yawa. In a ce an ba ɓera miligiram 200 a kan kowane kilo na nauyinsa, in aka juya lissafin zuwa mutum mai kilo 60 yadda muke yi, ya kama wajen giram ɗaya na tataccen sinadarin kullum, tatacce fa, ba garin da aka ɗan barbaɗa a kofi mai sukari da madara ba.

Maganar antioksidan kuma, bari in gaya maka abin da na gani da idona. Akwai wani ruwa mai launin shuni da muke amfani da shi, DPPH, in ka ɗiga masa abin da ke da ƙarfin goge tsatsa sai ya koɗe ya koma rawaya. Ranar farko da nawa ya koɗe na yi murna sosai, na ɗauka na gano wani abu, sai malamina ya ce in kawo ruwan zoɓo in ɗiga, ya koɗe, ruwan shayi ma ya koɗe, zogale ma haka. Kusan duk wani ganye yana cin wannan jarrabawar a cikin kwalba. Tun daga ranar in na ga an rubuta a jikin kwali cewa bincike ya nuna abu antioksidan ne, tambayata ta farko a ina, a kwalba ko a ɓera ko a mutum.

A jikin mutane fa?

Akwai inda aka kai ga mutane. A Japan an ciro wani bita-gulukan mai suna lentinan daga shitake tun 1969, kuma a 1985 aka amince da shi a can, amma allura ce da likita ke yi wa masu kansar ciki tare da maganinsu na asali. Akwai wani kuma, PSK, daga wani naman kaza mai fitowa a jikin kututture, da suka amince da shi a 1977, shi ma don taimaka wa masu kansa. An kuma gwada bita-gulukan ɗin oista a kan yara masu yawan kamuwa da mura da ciwon maƙogwaro a ƙasar Silobakiya aka ga sun ɗan rage kamuwa. Duk waɗannan ta ɓangaren farkar da garkuwa ne. Amma a ce ga kafso ko kofin naman kaza da aka tabbatar yana gyara huhun da hayaƙi ya ci, ko yana warkar da tari mai daɗewa, babu wannan a cikin abin da likitocin ƙirji suke aiki da shi.

Kuma akwai darasin da duk wanda ya karanci magani ba ya mantawa. Shekarun baya an yi imani sosai cewa bita-karotin, sinadarin da ke sa karas ya yi ja, zai kare huhun masu shan taba tunda antioksidan ne, hujjar ta yi kyau a takarda kamar yadda wannan ta yi kyau. Aka gwada a Finlan a kan maza masu shan taba sama da 29,000, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin irinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda an ga irin haka. Ba ina cewa naman kaza zai yi wannan ba, ina nuna maka ne dalilin da ya sa ba ma tsallakawa daga ɓera zuwa uwar mutum.

Kumburi ma ba kullum ne abokin gaba ba. Lokacin korona a 2020 an gano a Ingila cewa deksametason, mai kwantar da kumburi, ya rage mutuwa da wajen kashi ɗaya bisa uku a cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba bai taimake su ba. Kaga magani ɗaya, cuta ɗaya, lokaci ne ya bambanta. Tunda na ambace shi, dan Allah kar wani ya ba Inna deksa ko ɗan'uwansa firednisolon daga kemis don tarin ya lafa, in tarin fuka ne zai ƙara masa ƙarfi, ga shi yana tayar da hawan jini da sukari.

Inda zai iya cutarwa

Ka tuna na ce ka riƙe maganar farkar da garkuwa. Masu aikin noman naman kaza a rufaffen ɗaki akwai ciwon huhu da aka san su da shi, saboda shaƙar ƙurar irinsa da ke tashi a iska, garkuwar jikinsu ta harzuƙa huhu ya kumbura. Abu ɗaya ne, ta baki daban ta hanci daban. Ganodama kuma an samu rahotannin mutanen da hantarsu ta taɓu bayan sun daɗe suna shan garinsa, kuma yana iya ƙara tsinka jini ga mai shan wafarin ko asfirin, yana iya taɓa awon jini ga mai shan maganin hawan jini. Kofin ma kofi ne, ga sukari.

Sai ingancin abin da ke cikin kwalin. Wasu kamfanoni ba naman kazan kansa suke niƙawa ba, saiwarsa ce da aka raina a kan hatsi ake niƙewa tare da hatsin, sai a rubuta folisakarayid kashi kaza, kuma ba su yi ƙarya ba tunda sitacin hatsi ma folisakarayid ne. Lambar NAFDAC a irin waɗannan kayan ba shaidar yana warkarwa ba ce, ka duba kwalin da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Kuma kar jin wannan magana ya sa wani ya shiga daji da damina ya tsinko. Akwai masu kyau da ake ci, kamar wanda ke fitowa a jikin suri, amma akwai masu guba da suke kama da su sosai, wasu dafuwa ba ta kashe gubarsu, mutum ya ci sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su fara, ya ɗan ji sauƙi a ɗauka ya wuce, ashe hanta ce take mutuwa. Wanda aka noma aka sayar don ci, in Inna tana so a sa mata a miya a dafa sosai, abinci ne mai kyau ba laifi.

Da Innata ce ga abin da zan yi

Gobe da safe zan kai ta a gwada kakinta. Duk tarin da ya kai mako biyu ana neman tarin fuka a cikinsa, ita wata huɗu take. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, gwajin kakin da maganin na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma ana warkewa sarai. Na nace a kan wannan ne saboda wani bawan Allah mai fasa dutse a bayan gari da ba na mantawa da shi. Ya zo tagar famasi da leda cike da robobin kayan ƙarin lafiya, watanni yana sha, har akuyarsa ya sayar, ya rame wuyansa ya fito, da aka gwada tarin fuka ne, kuma kafin nan ƙaramar 'yarsa da suke kwana ɗaki ɗaya ta ɗauka. Alhamdulillahi dukansu sun warke, amma shi har yanzu in ya hau tudu sai ya tsaya ya huta.

Bayan kaki sai hoton ƙirji, kuma ka nemi likita ya duba zuciyarta, don mai hawan jini da ke haki ba lallai huhu ba ne, zuciya in ta gaji ruwa yana taruwa a huhu ya kawo tari da haki, musamman in ƙafafunta suna kumbura ko ba ta iya kwanciya sai ta tara filo. In duk waɗannan sun fita lafiya sai a yi maganar gwajin busa iska a na'ura, shi ke nuna ko hanyoyin iska sun ƙuntace, a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) za a nuna maka sashen masu ciwon ƙirji. In hakan ne akwai abin shaƙa da ke buɗe hanya, kuma yana sauƙaƙa rayuwa sosai in an koya wa mutum yadda ake shaƙarsa daidai.

Ga wani abu da ya shafi fannina kai tsaye. Ka duba sunan maganin hawan jinin da take sha. In lisinofiril ne ko wani ɗan'uwansa, irin su suna sa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro a wasu mutane, mata sun fi, kuma na sha ganin an yi ta shan maganin tari kwalba-kwalba alhali canza ƙwaya ɗaya ne maganin. Kar ta daina da kanta, likita ne zai musanya mata.

Sai hayaƙin kansa. Na san ba za a ce ta bar tuya ba, sana'arta ce kuma mutuncinta. Amma kuɗin da za ka kashe a kafso wata ɗaya ko biyu, gara ka tara ka sai mata murhun gas da zai ɗauki tandarta, ko in bai samu ba a fitar da murhun fili inda iska ke wucewa, ta zauna ta inda iskar ke kore hayaƙin daga fuskarta, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda ko roba. Da daddare a daina kunna maganin sauro na hayaƙi a rufaffen ɗaki, gidan sauro ya fi, turaren wuta ma a rage. In akwai 'yan mata a gidan su riƙa karɓarta, amma su ma kar a goyo jariri a bakin murhu.

Ni ban ga Inna ba, ban saurari ƙirjinta ba, kuma ni ba likitan ƙirji ba ne, don haka duk abin da na faɗa ba zai tsaya a madadin a duba ta ba. In ka ga jini a kakinta, ko tana zufa da dare tana ramewa, ko haki ya hana ta ƙarasa magana, kar ka jira gobe, ku tafi asibiti a lokacin. In kun dawo ka turo min sunayen duk magungunan da take sha, har na gargajiya, da abin da gwajin ya nuna, sai mu duba tare. Ka gaishe min da ita.